Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ran lahadi, in ka shiga kasuwar Filinge, ka ɗan tsaya wurin masu ƙorai. Ɗauki ƙwarya guda ka juya bayanta. Za ka ga layi-layi da ɗigo-ɗigo. Ba hoton saniya ba ne, ba na mutum ba ne, amma kana gani sai ka ce, “Kai, wannan ta yi kyau!” Haka adon tabarma yake, da aska takwas ta babbar riga, da zayyanar allo ta ranar saukar karatu. Irin wannan zane bai ɗauko kamar kowace halitta ba. Layi ne da launi kawai.

To, a ce maƙwabcinka ya ba ka aikin yi wa bangon ɗakin amarya ado. Ka san wani gwani da aikinsa ke burge ka. Me za ka ɗauko daga gare shi? Mutane da yawa zanen suke kwafowa sukutum. Ranar da aka ba su bangon da ya fi na gwanin faɗi, ko aka ce a sake launi, sai su tsaya cik. Mai kuɗin kuma ya ce gara ya kira gwanin da kansa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa suke nufi, amma maganar ta hau kan zanen bango daidai.

Abin da ya kamata ka ɗauko shi ne hanyar aikinsa. Ga labarin gwanaye biyu.

Na farko shi ne Falke Barmu, magini a garin Yama, cikin jahar Tawa. A 1962 mutanen garin suka ba shi ginin masallacin Jumma'a. Kowa ya sa hannu: wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Ya fara da gini mai sauƙi irin wanda aka saba. A 1975 ya koma kansa, ya gyara rufin, ya yi masa ƙubba. Daga baya ya tada hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, aka gama a 1982. Abin lura shi ne, ba hasumiyar da ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace da nata ado, kuma duk suka zauna lafiya a gini ɗaya. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-gine fitattu na ƙasashen Musulmi. Ka ji fa. Gwanin da bai yarda ya kwafi kansa ba, don me kai za ka kwafe shi?

Na biyu mai zane ne daga ƙasar Sudan, sunansa Ibrahim El-Salahi. An haife shi a 1930 a Omdurman. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya komo gida ya baje aikinsa irin na Turawa, sai mutanen ƙasarsa ba su damu da shi ba. Bai yi fushi da su ba. Ya koma ga abin da idonsu ya saba da shi, wato rubutun allo da adon kayan hannu. Ya riƙa ja wa harafi wutsiya, yana lanƙwasa shi, yana rarraba shi, har ya tashi daga harafi ya zama zane. A 1975 aka tsare shi a kurkuku wata shida. Can ya riƙa zane a ɓoye kan ƴan guntayen takarda. Daga nan ya saba da farawa daga ɗan abu ƙarami a tsakiya, zanen ya yi ta yaɗuwa kamar yabanya. A 2013 babban gidan nunin zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikinsa na shekaru masu yawa.

Dukansu biyu da abin gida suka yi aiki, kuma ba su yi gaggawa ba. Kai ma ga yadda za ka yi:

1. Zauna gaban aikin gwani ka daɗe kana kallo. Ina ya fara? Ina ya cika ado, ina ya bar fili? Launi nawa ya sa?
2. In yana kusa, je ka gaishe shi, ka roƙi izinin ganin yana aiki. Gani ya kori ji.
3. Kwaikwayi zanensa sau biyu ko uku a ƙasa da tsinke, don hannunka ya saba. Wannan koyo ne, ba na sayarwa ba.
4. Share shi. Ɗauko abu guda na nan Kurfai: ganyen goriba na Dallol Boso, ko sawun raƙumi, ko harafin farko na sunanka da ka koya a wannan aji. Sa shi tsakiya, ka bar shi ya yaɗu.
5. Kada ka jira launin kanti. Farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi da shuni sun isa mafari.

Zanenka na fari ba zai kai na gwani ba, kada wannan ya karya maka zuciya. In an yaba, ka faɗi wurin wanda ka koya. Yin haka ba ya rage ka da komai.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara ginin masallacin Yama?
2. Shekara nawa aka yi daga farawa zuwa gamawa?
3. Don me El-Salahi ya koma ga rubutun allo?
4. Wane gwani ka sani a garinku? Rubuta layi uku a kan yadda yake aikinsa.