Yadda Gwamnatin Amurka Ke Taimakon Masu Shanun Tatsa

A Jihar Wiskonsin ta Amurka akwai wata gunduma da a ke kira Clark, wadda ta yi suna wajen kiwon shanun tatsa. Manomanta suna da ofishin gona na Gwamnati a kusa da su, inda su ke rubuta sunayensu domin karɓar kuɗin taimako. Ga asalin wannan taimako, da yadda a ke lissafinsa.

A shekarar 1949 aka yi doka cewa in kuɗin madara ya faɗi, Gwamnati za ta sayi man shanu da cuku da garin madara ta ajiye. Da manoma suka ga ba su rasa mai saye, sai suka yi ta ƙara shanu. Sito-sito suka cika maƙil, har a 1981 Shugaba Reagan ya ba da umurni a raba wa talakawa cuku. A 1986 kuwa sai da aka biya waɗansu manoma kuɗi domin su rabu da garkensu duka, su bar tatsa shekara 5. Watau magani ya zama cuta.

Saboda haka aka sake dabara. Dokar 2018 ba kuɗin madara kaɗai ta duba ba, ta dubi abin da ya rage wa manomi bayan ya ciyar da saniya. Kowane wata ma'aikata su kan ɗauki kuɗin madara laba 100, watau wajen kilo 45, su ɗebe kuɗin masara da garin waken soya da harawa. Da farashin ƙasa duka a ke wannan lissafi, ba na gona guda ba.

Manomi shi ke zaɓen iyakar da ya ke so a tsare masa, daga dala 4 zuwa dala 9 da rabi. Ya kan biya dala 100 na rajista a shekara, wanda ya zaɓi sama da dala 4 kuma ya ƙara wani abu. Misali, a ce madara ta yi dala 19, abinci ya ci 11, saura 8 ke nan. Wanda ya zaɓi 9 da rabi sai a cika masa dala 1 da rabi a kan kowace laba 100. A 2018 dokar ta ba da wannan babbar iyaka ga laba miliyan 5 na farko kaɗai, domin mai ƙaramin garke ya fi morewa.

A watan Yuni da Yuli na 2023 ragowar ta faɗi ƙasa da dala 4, waɗanda suka yi rajista suka sami abin rufin asiri. Amma taimakon bai hana ƙananan gonaki mutuwa ba. A 2004 garken tatsa a Wiskonsin sun kusa 16,000, a 2024 ba su kai 6,000 ba.

Abin lura a nan shi ne, ribar mai kiwo ba tsadar madara ba ce, abin da ya rage ne bayan an biya dusa da harawa. Wanda bai rubuta kuɗin abincin dabbarsa ba, bai san ko shi ke cin saniya ko ita ke cinsa ba.