Kada A Yar Da Tsohuwar Kwamfuta Don Hoto Ya Ɓaci

Sau da yawa allon tsohuwar kwamfuta yakan riƙa ƙyaftawa, ko ya yi baƙi ƙirin, ko rubutu ya kumbura. Mai ita sai ya zaci ta mutu, ya yi asarar kuɗi wajen sayen wata. Alhali galibi laifin direba ne, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da katin hoto. Idan aka sabunta Windows, sabon direba yakan ƙi jituwa da tsohon kati.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A fara duba wayar allo, a kuma kakkaɓe ƙurar fanka, musamman da hunturu, gama zafi ma yana ɓata hoto.

2. A Windows 10 ko 11, a danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Wannan yakan farfaɗo da direban.

3. In abin ya ci tura, a tashi kwamfutar ta Safe Mode, a buɗe Device Manager, a zaɓi katin hoto, a danna Roll Back Driver don komawa tsohon direba.

4. In ana bukatar wani direban, a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, kamar Intel ko AMD ko NVIDIA, bisa lambarsa. Na sauran wurare yakan zo da cuta.

Amma idan zane-zane suna bayyana tun kafin Windows ta tashi, to, na'urar ce da kanta ta sami lahani. Sai a kai wa ƙwararren mai gyara.

Jama'a a kula. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.