Zare Ɗaya Ma Illa Ne

Lokacin SIWES ɗina a wani asibiti, na ɗauko auduga zan goge almakashin tiyata, sai Sista ta ce, "Kai, ajiye nan!" Ashe auduga tana barin ƙananan zare a jikin ƙarfe. In zaren ya shiga rauni, wurin yakan kumbura, ƙwayoyin cuta su samu mafaka. In kuwa ya shiga jijiya, jini na iya daskarewa a kansa ya toshe ta.

Don haka jama'a, ku yi amfani da ƙyallen da ba ya zubar da zare, ku jiƙa shi da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cutarsa. Banda ruwan gishiri, yana sa ƙarfe tsatsa. Ku goge ta gefe guda, sannan ku duba a haske.