Jirgin fito: gudu ko lodi, wanne ke kisa?

Mutumin Kanan Bakashe bai saba da jirgin ruwa ba. Amalanke ya sani, da jaki. Amma yana zuwa Madarumfa, inda masunta ke tura kwalekwale bisa tabki. Yana kuma zuwa cin rani Najeriya, inda ake fito da jirgi mai inji. Can ne baƙo ke shiga jirgi bai iya iyo ba.

Ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau za shi Bagwai, cikin jahar Kano. Ruwan dam ɗin Watari zai ƙetare. Yawancin mutanen ciki yaran makarantar Islamiyya ne, za su Mauludi. Lodi ya yi yawa, jirgi ya kife. Cikin kwana biyu an tsamo gawa 29. Gwamnatin Kano ta dakatar da fito a wurin, ta ce a koma shiga mota.

Cikin shekarar nan dai, ran 26 ga Mayu, wani jirgi ya nutse kusa da Wara, jahar Kabi, bisa tabkin Kainji. Mutanen ciki sun fi 150. Kimanin 20 aka ceto.

Duk sa'ad da irin wannan ya faru, sai gardama ta tashi.

Wasu su ce gudu ne. Maganarsu tana da ƙarfi. Jirgi mai inji in ya wuce a guje, yana tada igiyar ruwa. Igiyar nan ita ke kifar da ƙaramin kwalekwalen masunci, ta kuma yage komarsa. Ga kuma kututture. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya rufe itatuwa da yawa, kututturansu suna nan ƙasa, ido ba ya ganinsu. Ga lissafin: in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin karo yana ninka sau 4. In ya ninka sau 3, karo ya ninka sau 9. Katakon da ya tsufa ba ya jure wannan.

Masu fito su ce a'a. Ranar kasuwa ɗaya ce cikin mako. In sun rage gudu, sawu ya ragu, ga mai da tsada. Kuma wa zai tsaya tsakiyar tabki yana awon gudu? Jirgin katako ba shi da agogon gudu irin na mota.

Amma fa a Bagwai da Wara, lodi aka fi zargi. Jirgin da aka cika, bakinsa yana kusan shan ruwa. Igiya kaɗan ta isa, ko mutum biyu su miƙe tsaye gefe guda. Nan ne gudu da lodi ke haɗuwa: jirgi mai nauyi ba ya son gudu ko kaɗan. Kuma shi lodi ba ya bukatar agogo. Sarkin ruwa yana iya ƙidaya kawuna tun daga bakin gaɓa, ya ce ya isa.

Hukumar hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana fito da dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Rigar nan tana riƙe mutum sama ko bai iya iyo ba. Matafiyi yana da ikon ya tambaye ta kafin ya biya kuɗin fito. In babu, ko jirgi ya cika, sai ya jira wani sawu.

Tambayoyi don masu karatu a cibiya:

1. Jirgi na ɗaukar mutum 20, an zuba masa 45. Mutum nawa suka yi yawa?
2. In gudu ya ninka sau 4, karo ya ninka sau nawa?
3. Wa ya kamata ya tsai da lodi: mai jirgi, sarkin ruwa, ko masu shiga?