'Yan Ƙananan Jijiyoyin Jini da Juriyar Manomi a Ƙasar Kazaure da Babura

Kalmar "jijiya" a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Da ita ake kiran hanyar jini, da agara, da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga iri guda, watau 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa tsoka, waɗanda ido ba ya iya ganinsu. Saboda ƙanƙantarsu, ƙwayoyin jini a jere suke wucewa ta cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Marcello Malpighi na Italiya ne ya fara hango su a huhun kwaɗo cikin 1661, sa'an nan August Krogh na Danmak ya sami lambar Nobel a 1920 saboda bincikensa a kan aikinsu cikin tsoka.

Manomin Roni ko Gwiwa ya san abin a jikinsa, ko da bai san sunansa ba. Idan ya yi zaman rani ba aiki, ranar da ya fara riƙe fartanya a noman firi, kafin hantsi ya dubi ludayi haki ya kama shi. Amma kafin a kai ga maimai sai ya wuni a duƙe, a ce "jiki ya saba". Wannan sabo ba magana ce ta fatar baki ba. Ta bangon waɗannan jijiyoyi ne iskar oksijin da abinci ke shiga tsoka, dattin aiki kuma ya fita. Idan tsoka ta daɗe tana neman iska fiye da yadda take samu, sai sababbin jijiyoyi su tsiro daga jikin tsofaffi cikin 'yan makonni, kamar yadda mai lambu a bakin dam ɗin Kazaure ke ƙara yanka 'yan hanyoyin ruwa don kowane fangali ya sha. In an bar aikin, wani ɓangaren ƙarin yakan koma. Ciwon jikin kwanakin farko kuwa daban yake, yawanci daga 'yar ɓarakar zaren tsoka yake fitowa.

Dalili ke nan da ya sa ɗan kokawar da ya sha noma a jigawar Babura kan fi mai ƙiba kawai daɗewa a fage bayan kaka. Girman damtse daban, dogon numfashi daban.

Sai dai akwai inda al'ada ke kuskure. Mai amosanin jini, wato sikila, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe waɗannan hanyoyi, musamman idan an haɗa aikin ƙarfi da zafin rana da ƙishirwa. Yaron da ya ajiye fartanya yana kukan ƙafa da baya, sau da yawa rago ake ce masa, alhali jini ne ya kasa isa inda ake bukatarsa. Inuwa da ruwan sha da asibiti yake bukata, ba gori ba. Ciwon suga ma, idan aka bar shi ba kulawa, a hankali yake lalata su, har miki a ƙafa ya ƙi warkewa.