Fitilar Iskar Taya: Gargaɗi ga Direbobin Hanyar Nguru zuwa Gashuwa

Kada ka liƙe ta da salatif. Wannan 'yar fitilar ruwan ɗorawa da ke kamawa a dashbod, mai siffar tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta, ba ado ba ce, ba kuma "ciwon motocin Baljiyam" ba ne kamar yadda ake faɗa a tasha. Shaida maka take yi cewa wata tayarka ta rasa iska. Duk wanda ya rufe ta, ko ya sa mai wayarin ya kashe ta, sannan ya ɗebi mutane daga Nguru ya nufi Gashuwa, da amanar rayuka ya yi wasa.

Ka san dalilin da ya sa aka saka ta. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da aka ga suna ɓarewa a kan gudu a jikin motar Ford Explorer, mota ta yi ta kifewa. Mutum fiye da 200 suka halaka. Abin ya fi tsanani a wuraren zafi: kudancin Amurka, Saudiyya da Banizuwela. A shekarar ce aka yi dokar da ta sa daga Satumban 2007 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai da wannan na'ura, Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014. Shi ya sa Corolla, Camry da Sienna da ke shigo mana suke zuwa da ita. Zafin da ya ɓare tayoyin Saudiyya shi ne zafin da ke kan kwaltar Jajimaji a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40.

Idan ta kama kana kan hanya, ka sassauta gudu, ka sami wuri mai faɗi ka faka, ka zagaya tayoyin nan huɗu. Kada ka ce bari in kai gari tukuna.

Kada ka daki taya da ƙafa ka ce lafiyarta lau. Ido da ƙafa ba sa auna iska. Tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, ka kalle ta ka rantse cike take. Kuma a motocin Amurka, daidai wannan gaɓar ce fitilar ke kamawa: idan geji 32 aka tsara wa motar, sai iska ta sauka wajen 24 za ka ga haske. Ashe ke nan ba farkon matsala take sanar da kai ba, ta riga ta yi nisa. Don haka kada shirun fitila ya ruɗe ka. Tayar da ke kan 27 ba za ta kunna komai ba, amma tana shan mai, tana cinye gefenta, tana kuma ɗaukar zafi.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne kuskuren da ya fi kisa yake. Kada ka rage wa taya iska saboda bazara ta shigo. An daɗe ana gadar wannan magana daga uban gida zuwa yaron mota, cewa rana za ta kumbura taya ta fashe, gara a sassauta mata. Akasin haka ne gaskiya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, gefenta lanƙwashewa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda. Wannan lanƙwasar ita ke haifar da zafi a cikin robar, har wayoyin ƙarfen da ke ciki su rabu da ita. Ka haɗa da kwalta mai ƙuna, da buhunan gero ko riɗi a but, da gudun da miƙaƙƙiyar hanya ke jan mutum ya yi, sai ka ji ƙara. Haka nan, in ka sha tafiya ka auna ka ga geji ya hau da huɗu ko biyar, kada ka sace iskar. Masu ƙera tayar sun san da wannan hauhawar, sun kuma yi lissafinta. In ka rage a lokacin, da ta huce za ta faɗi ƙasa da ƙa'ida.

Ka auna da sassafe, kafin mota ta motsa, ko bayan ta yi awa uku a tsaye. Ko da babu huji, taya tana rage kamar ɗaya a geji kowane wata, saboda haka kada wata ya wuce ba ka duba ba. Mai motar haya kuwa, kullum kafin lodi.

Ka sayi gejinka. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, ko kusa. Ba kowane mai faci ne gejinsa ke faɗin gaskiya ba, kuma da yawansu sun saba da lamba ɗaya ga kowace mota. In ya ce, "Oga, arba'in da biyar zan sa maka," ka ce masa, "A'a, malam, ga abin da aka rubuta." Lambar motarka tana jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, ta gaba daban, ta baya daban, wasu ma har da ta cikakken lodi. Kada ka bi lambar da ke jikin tayar, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Iskar da ta wuce kima tana rage riƙon ƙasa, tana cinye tsakiyar taya, rami kuma ya fi saurin yi mata illa.

Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, za ka ga fitilar ta kama da asuba, ta mutu da hantsi. Kada ka ce ta haukace. Duk raguwar zafi da digiri biyar zuwa shida yana rage kamar ɗaya a geji. Tayarka tana bakin gaɓa ne, ka ƙara mata.

Masu shiga ƙauyukan Karasuwa, ko hanyoyin rairayi na wajen Machina da Yusufari, na san kuna sassauta iska don kada mota ta kafe. Wannan dabara ce mai kyau, a cikin yashi, a hankali. Amma da zarar ka hau kwalta, ka mayar da iskar kafin ka taka totur. Ka riƙa yawo da ƙaramin famfo saboda haka. Ka kuma shafa tayar ka duba, domin ƙayar aduwa tana shiga ta zauna, iska ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan har kwanaki.

Ka bambance haske biyu. In ta kama ta tsaya cak, iska ce. In ta yi ta ƙyaftawa kamar na minti ɗaya bayan ka tayar da mota, sannan ta tsaya, na'urar ce ta sami matsala. Galibi sensan da ke auna iskar yana maƙale da bawul a cikin wili, batirinsa kuma yakan yi shekara biyar zuwa goma, motocin da muke saya kuwa da yawansu sun haura haka. Ka canza shi in da hali. In babu, ka san cewa daga ranar ba ka da mai gadi sai gejinka.

Kafin mai faci ya sa ƙarfe ya ɓamɓare taya, ka gaya masa akwai sensa a ciki. Kada ka bari ya fasa shi ya maye gurbinsa da bawul na roba ya yi shiru.

Kada ka danna maɓallin saita fitilar don kawai ta mutu. A motocin da ke da shi, sai an cika duk tayoyi daidai ake dannawa. In ka danna da taya a sace, ka koya wa motar cewa ƙarancin iska shi ne daidai. Ka duba safaya ma, wasu manyan motoci har ita suna da sensa.

Masu tsohuwar Golf da Sharan da Hiace, kada ku ce wannan magana ba taku ba ce don dashbod ɗinku ba shi da fitilar. Ku kuka fi kowa ɗaukar kaya da mutane. Ku duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta daina aminci bayan shekara huɗu da ƙerawa. Tsada ko sabuntar mota ba kariya ba ce: fashewar taya ce ta yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016.

In ƙaddara ta sa taya ta fashe kana gudu, kada ka taka birki da ƙarfi, nan ake kifewa. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe hanya, ka ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali. Sai gudun ya faɗi sosai za ka taɓa birki ka gangara gefe.