KULA DA FATAR JIKI A LOKACIN ANNOBAR KORONA

Fata ita ce ganuwar jiki. Ita ke tare ƙwayoyin cuta daga waje, ita ke riƙe danshin jiki kada ya ƙafe, ita ce kuma ke rage zafinsa ta hanyar zufa. Muddin ganuwar nan tana tsaye, mai ita yana cikin tsaro. In kuwa ta tsage, to, cuta ta sami ƙofa.

Cutar korona, wadda likitoci ke kira COVID-19, ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da shigowarta Nijeriya, a Legas, sa'an nan ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta zama annoba ta duniya duka. Ko da yake huhu da hanyoyin numfashi cutar ta fi kamawa, fata ta sha wuya ta fuska uku: ta wajen matakan kariya, ta wajen cutar kanta, da kuma ta wajen ƙauracewa asibiti.

HANNU DA SABULU

Ƙwayar korona tana lulluɓe da wani siririn maiƙo. Sabulu yana narkar da maiƙon, ƙwayar ta lalace, shi ya sa aka umurci jama'a su riƙa wanke hannu na tsawon daƙiƙa 20. Amma ita ma fata tana da nata maiƙo wanda ke hana ta bushewa, sabulu kuwa ba ya bambanta wannan da wancan. Wanda ke wanke hannu sau da yawa kowace rana, in bai mayar wa fatar maiƙonta ba, sai ta yi kaushi, ta yi ƙaiƙayi, daga baya ta tsattsage, musamman a bayan hannu da tsakanin yatsu. Lokacin hunturu abin ya fi muni.

Korona ba ta shiga jiki ta fata. Ta hanci da baki da ido take shiga, galibi cikin iskar da aka shaƙa. Duk da haka tsagaggen hannu abin gudu ne, domin wasu ƙwayoyin cuta na samun maɓoya a cikin tsagar su kawo ruwa da kumburi, kuma raɗaɗi yakan sa mutum ya daina wanke hannun gaba ɗaya. Maganin abin shi ne a ci gaba da wankin, amma a gyara yadda ake yinsa:

1. A yi amfani da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan. Ruwan zafi ba ya ƙara tsabta, fata kawai yake busarwa.
2. A zaɓi sabulun wanka mai sauƙi. Garin sabulu na wanki da sabulun soda don tufafi aka yi su.
3. A ɗauraye kumfa sarai, a tsane hannu da tsumma mai tsabta ba tare da gurzawa ba.
4. A shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar tana da sauran danshi, a kuma ƙara shafawa da dare kafin barci.
5. In babu datti a hannun, man tsabtace hannu mai alkohol aƙalla kashi 60 cikin 100 ya wadatar. Wanda aka haɗa da gilisirin ya fi sabulu sauƙi ga fata.

Ruwan bilic da sauran magungunan feshi na daɓe ne da tebur da mariƙin ƙofa. Suna ƙona fata da ido, kuma tun cikin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a fesa su a jikin mutane.

TAKUNKUMI DA FATAR FUSKA

A ƙarƙashin takunkumi zafi da zufa da tururin numfashi suna taruwa, ga kuma gogayyar ƙyalle da fata. Wannan yakan toshe ƙofofin gashi ya fito da ƙuraje a haɓa da kumatu, igiyar kuma ta ci bayan kunne. Ma'aikatan asibiti su suka fi shan wannan wahala. A lardin Hubei na ƙasar Sin, a farkon 2020, an tambayi likitoci da masu jiyya 542 da ke kula da masu korona, sai kashi 97 cikin 100 suka ce fatarsu ta taɓu. Karan hanci shi ne wurin da ya fi lalacewa, kuma waɗanda suka wuce sa'a 6 da kayan kariya a fuska sun fi sauran jin jiki.

Saboda haka wanda zai sa takunkumin ƙyalle ya nemi na auduga mai laushi, ya wanke shi kullum, ya shanya a rana. In ya jiƙe da zufa a sake wani. Na takarda sau ɗaya ake sa shi a yar. A wanke fuska safe da yamma, a guji hoda da mai mai kauri a wurin da takunkumin ke rufewa. Mai dogon aiki ya nemi wurin da babu kowa ya cire shi na kamar minti 15 bayan kowace sa'a 4. Kada a matse ƙurji, domin a baƙar fata tabonsa yakan yi duhu ya daɗe watanni bai ɓace ba.

ALAMUN CUTAR A JIKIN FATA

Cikin watan Maris na 2020, a wani asibiti na garin Lecco a ƙasar Italiya, an duba masu korona 88, aka sami 18 da alamu a fatarsu. Bayan haka likitocin fata na ƙasar Sifen suka tattara bayanin mutum 375, suka kasa alamun gida 5. Kusan rabinsu ƙananan ƙuraje ne masu bazuwa kamar na ƙyanda. Akwai masu borin jini, akwai masu ƙuraje masu ruwa kamar na ƙarambau. Wasu, galibi yara da samari, yatsunsu na ƙafa ko na hannu suka kumbura suka sake launi. Kashi na ƙarshe, wanda ya fi samun tsofaffi masu ciwo mai tsanani, shi ne shatar duhu kamar raga a fata saboda jini ba ya gudu sosai.

Galibin hotunan da aka buga na waɗannan alamu na fararen fata ne, inda kumburi ke fitowa ja. A jikin baƙar fata wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Don haka wanda ya tsaya jiran ganin ja, alama za ta wuce shi. A duba a hasken rana, a taɓa a ji ko wurin ya yi zafi ko tudu. Har ila yau, ƙurji da zazzaɓi ba lalle korona ba ne. Ƙyanda da ƙarambau da ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a ƙasar nan cikin 2017, da kuma maganin da jiki ya ƙi, duk suna kawo haka. Gwaji da idon likita su ke rarrabewa.

Wata 2 ko 3 bayan zazzaɓi mai zafi, gashin kai yakan zube da yawa. Wannan ba sanƙo ba ne, kuma yawanci gashin yakan komo da kansa cikin watanni. Kumburi da ciwo a dantse bayan allurar rigakafi su ma sukan wuce cikin 'yan kwanaki.

MASU TSOHON CIWO

Daga ran 30 ga Maris, 2020, aka hana fita a Legas da Abuja, wasu jihohi kuma suka bi baya. Tsoro da rashin mota suka tsare mutane da yawa a gida. Kuturta ta nuna irin ɓarnar da wannan ya yi: a duniya duka an gano sabbin masu ita fiye da 200,000 a 2019, amma a 2020 ba su kai 130,000 ba. Cutar ba raguwa ta yi ba, masu ita ne ba su je an duba su ba. Alhali kuwa tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta, kuma jinkiri ne ke kawo mutuwar jijiya da naƙasa. Duk wanda ya ga wani fili mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, lalle ne ya je asibiti, ko ana annoba ko ba a yi.

Wasu kuma suka koma sayen man shafawa a kanti ba da izinin likita ba, musamman irin wanda ake cewa yana maganin kome. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Yakan kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, makero ya daɗa yaɗuwa, ƙazuwa kuma ta ɓuya tana kama sauran mutanen gida. Wanda likita ya ɗora bisa magani kada ya daina ko ya sake wani sai da shawararsa. In zuwa ya gagara, a ɗauki hoton wurin a hasken rana a aika wa ma'aikacin lafiya ta waya.

LOKACIN GAGGAUTAWA ASIBITI

Ba a jira gobe in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙuraje tare da wahalar numfashi, kumburin leɓe ko harshe ko fuska, fata tana saɓulewa ko baki da ido sun yi gyambo bayan shan wani magani, yatsa ya yi baƙi ya yi sanyi, ko yaro mai zazzaɓin kwana 3 tare da ƙuraje da jan ido da fashewar leɓe da ciwon ciki, ko da makonni sun wuce da warkewarsa daga korona.

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa korona, amma ƙwayar tana nan tana yawo. Wanke hannu kuma yana nan wajibi saboda kwalara da zazzaɓin Lassa da gudawar yara. Saboda haka ya kamata kowane maigida da shugaban makaranta da mai kula da asibiti ya tanadi man shafawa a duk inda ya ajiye ruwa da sabulu, domin hannun da ba ya ciwo shi ake iya wankewa kullum.